Kafin ku gaskata allon kwamfuta, ku san kwal ɗin

Ƙannena masu karatun injiniya a Katsina da Daura, na ga hankalinku ya karkata ga na'urorin sarrafa masana'anta masu daidaita kansu. Madalla. Sai dai akwai inda na yi tuntuɓe, ba na so ku bi ta nan.

Kwal ba ya zuwa iri ɗaya. Na yau ya fi na jiya laima, na wannan rami ya fi na wancan toka. A tanderun da ake gasa shi babu iska, a zafin da ya haura digiri 1,000, don a samu kok, wato gasasshen kwal na narka ƙarfe, 'yar ƙarin laima kan shanye zafi ta ja lokacin gashi. Wajen mayar da kwal gas kuwa, oksijin da tururi ake ba shi da awo. Oksijin ya yi yawa, ka ƙone gas ɗin da kake nema, zafi ya ci bangon tanderu. Ya yi kaɗan, kwal ya bi toka bai gama ci ba. Dalilin ke nan da ake son na'urar da ke sauya lissafinta da kanta, yadda maƙeri ke sauya zuga in ya ga launin wuta.

Ina horo a wata masana'antar kok a ƙetare, wani ma'aunin zafi ya tsufa, yana nuna ƙasa da gaskiya. Na'ura ta yarda da shi, ta yi ta ƙara wuta, har ta gina sabon lissafinta a kan ƙaryar. Wani dattijo mai aiki a saman tanderu ya ce mini wutar ta yi fari da yawa. Na dubi allo, na ga komai sumul, na share maganarsa. Sai da aka auna da ma'aunin hannu, lokacin an yi asarar gas, bulon bangon tanderu ya sha wuya. Har yau abin yana damuna.

Ku koyi tantance ma'auni kafin rubuta manhaja. Ku sa wa na'ura iyakar da ba za ta ƙetare ba komai ta koyo. In lokacin sanin makamar aiki ya zo, ku nemi masana'antar ƙarfe ta Katsina, ku tsaya kusa da masu kula da tanderu.

Ga mu da masana'antar ƙarfe ta Ajaokuta, wadda aka tsara ta yi aiki da kok. Kwal ɗin Enugu, wanda aka gano a 1909, ba ya ba da kok mai ƙarfi, na Lafia-Obi kuma akwai toka da kibritu, wato farar wuta. Dole sai an gauraya, kuma kowane gauri da halinsa a wuta.