Saƙar hutun sanyi: inda na kai da kayan jaririn ƙanwata

Assalamu alaikum 'yan uwana masu koyon saƙa, ya sanyi ya hazo? Tun ranar da aka ba mu hutu a makaranta na ce zan riƙa faɗa muku inda na kai, sai ga shi yau 2 ga Janairu ban ce uffan ba, ku yi haƙuri dan Allah, hannun ne kullum yana kan kwarashi. Bari in kwaso muku tun daga farko, don akwai abubuwan da in da wata ta faɗa min da wuri da ban wahalar da zarena haka ba.

Ƙanwata da ke aure a Jos ce watan haihuwarta ya tsaya, haihuwar fari kuma, duk wadda ta taɓa kwana a Jos a irin wannan lokaci ta san sanyinmu na Zariya wasa ne, garin a kan tudu yake, ya haura mita 1,200 sama da teku, da asuba ruwan randa ba ya taɓuwa. Shi ne na ƙudurta zan saƙa wa jaririn hula da safa da 'yar riga mai buɗaɗɗen gaba da hannuna, ba na kasuwa ba. Bara na fara riƙe kwarashi, kafin wannan abin da na taɓa gamawa marfin jug ne da ɗan abin ɗora tukunya.

Ranar Asabar 14 ga Disamba na shiga kasuwar Sabon Gari na sayo zare, ruwan toka mai haske dunƙule uku, fari guda ɗaya na bakin ado, da kwarashi mai lamba 4, wato milimita 4, don nawa na da mai lamba 3 ne ya yi wa wannan zaren ƙanƙanta. Wani abu da ya kamata mu sani, wannan da muke ce wa ulu yawancinsa ba gashin tumaki ba ne, akirilik ne, dangin roba. In kina son ki tabbatar ki yanko ɗan guntu ki kai masa ashana, na gaskiya zai yi ƙaurin gashi ya zama toka mai murmushewa, na roba kuwa narkewa yake ya dunƙule ya yi tauri. Ba laifi ba ne, yana wankuwa yana bushewa da wuri kuma ba ya cika yi wa jariri ƙaiƙayi, amma fa kar a kusantar da shi wuta, kar a ɗora masa dutsen guga mai zafi. Ni kaina na gani, dunƙulen farin ya gangara gefen kaskon gawayi da muke jin ɗumi a tsakar gida, kafin in ɗauke gefe guda ya ƙame, sai da na yanke kusan kamu biyar na zubar.

Hula na fara. A nan ne na fi daɗewa, sau biyu ina warwarewa.

Yadda na koya, daga tsakiyar kai ake farawa a yi ɗan zobe, a zuba dogo 12 a ciki (dogo shi ne wanda ake naɗa zare sau ɗaya a kwarashi kafin a shiga ido, wato ɗan ramin saƙa), zagaye na biyu bibbiyu a kowane ido ya zama 24, na uku ɗaya nan biyu can ya zama 36, na huɗu 48, daga nan a daina ƙari a ci gaba da zagayawa hular ta fara sauka da kanta. Kan jariri sabon haihuwa wajen santimita 34 zuwa 35 ne in an zagaya tef, ana ɗan rage masa kaɗan don saƙa tana buɗewa, sai a raba da 3.14 a samu faɗin da'irar saman, wajen santimita 10 da rabi ke nan, tsawon hular daga tsakiya zuwa baki kuma kamar 13. Lissafin a takarda ba wuya. Amma tawa ta farko da na kai zagaye na biyar sai gefenta ya fara lanƙwasa yana tattarewa kamar ganyen latas, na shimfiɗa a cinya na danne ta ƙi kwanciya. Na ƙirga, maimakon 48 sai na samu 53. Ashe sarƙa ukun nan da ake yi a farkon kowane zagaye ina ƙirga ta a matsayin dogo, sannan kuma in sake zuba wani dogon a gindinta, ga kuma idon da aka haɗe zagaye da shi ina shiga cikinsa shi ma, ƙari yana ta shigowa ban sani ba. Maganinsa ɗan abu ne, na ciro tsohon ɗan kunnena mai maƙalawa na riƙa maƙala shi a idon farko na kowane zagaye, in na dawo kansa na san nan ne ƙarshe, ba na wucewa. Wadda ba ta da shi guntun zare mai wata kala ma ya isa, ko fil mai kulle.

Ta biyun kuma matsalar daga bidiyo ta zo. Wanda na fara bi na wata 'yar Amurka ne, data ta ƙare min a tsakiya, washegari na buɗe wani na daban ashe 'yar Ingila ce, kuma sunayensu ba ɗaya ba ne, abin da 'yan Amurka ke ce wa dabul su tirebul suke ce masa, dabul ɗin Ingila kuwa shi ne singil na Amurka, wato gajeren nan namu da ba a naɗa zare kafin a shiga ido. Na ga 'yar Ingilan tana cewa dabul ni ina ta zuba dogo, hula ta fito tana neman shiga kan ɗan shekara biyu. Dan Allah in za ku bi bidiyo ku kalli hannun mai yi, sau nawa take naɗa zare a kwarashi kafin ta shiga ido, kar ku dogara da sunan kawai. Ni yanzu a littafina sarƙa, gajere, dogo kawai nake rubutawa, su na sani.

Ta ukun ta fito daidai ranar Juma'a 20 ga wata, na ɗora ta a kan ɗan ƙoƙo na duba ta kowane gefe, wallahi na daɗe ina kallonta.

Safa ce ta koya min abin da ya sa ma na zauna rubuta muku wannan. Tafin ƙafar jariri wajen santimita 8 zuwa 9 ake yi. Ta dama na saƙa ta bayan sallar asuba, ina lulluɓe da bargo yatsuna sun ƙage don sanyi, ta hagu kuma da rana tsaka a rana, jiki ya sake ina hira da maƙwabciyata. Ido ɗaya, layi ɗaya, zare ɗaya, kwarashi ɗaya, na ƙirga sau biyu ba kuskure, amma da na haɗa su ta hagu ta fi ta dama da kusan faɗin yatsa. Raina ya ɓaci sosai don na ɗauka na wuce wannan matakin. Gwaggona da ta zo mana kwana biyu daga ƙauye tana zaune a tabarma tana saƙar faifai, ta ce in miƙo, ta ja wannan ta ja wancan, ta ce, "'Yar nan, ai ba mutum ɗaya ya yi su ba, wannan mai jin sanyi ce ta yi, wannan kuma mai jin daɗi." Ita ba ta taɓa riƙe kwarashi ba, amma ta nuna min a faifanta, in ta matse kabar da yawa sai ya tashi ya zama kamar kwano, in ta sassauta sai ya yi laɓo-laɓo ya ƙi tsayawa, kuma shi ma daga cibiya ake fara shi a yi ta zagayawa kamar hulata. Ta ce shi ya sa ba ta taɓa kaba da sassafe a hunturu, sai ta yayyafa mata ruwa ta rufe da tsumma ta yi laushi, ita ma hannunta ya ɗumama.

Tun daga ranar na canza tsari. Abin da yake biyu ne, safa ko hannun riga, a zama ɗaya nake yinsu, in yi tafin wannan in yi tafin wancan, in ɗaga gefen wannan in ɗaga na wancan, ba na gama ɗaya in bar ɗaya sai gobe. Kafin in fara ina tsoma hannu a ruwan ɗumi in murza yatsu. Zaren kuma na daina riƙe shi yadda ya zo, ina naɗa shi sau ɗaya a ɗan ƙaramin yatsa ya bi ta kan manuni, shi ke sa ya riƙa zuwa daidai ko na gaji. Na warware ta hagun na sake, yanzu in kin ɗora ɗaya kan ɗaya ba ki gane wacce ce ta fari. Ni dai a ganina wannan riƙon zaren ya fi ƙirga wuyar koyo, ƙirga ko a bidiyo za ki samu, shi kuwa sai hannunki ya saba, kuma ba na jin ana faɗa wa masu farawa wannan yadda ya kamata.

Sai kaushi. Iskar nan ta busar min da yatsu har gefen farce ya tsattsage, zare yana bi yana maƙalewa yana tashin gashi, farin har ɗan jini ya taɓa. Na shafa basilin na ci gaba, sai ya bar maiƙo a saƙar ƙura ta bi ta manne. Yanzu man kaɗanya nake shafawa da daddare in kwanta da shi, da safe in wanke hannu in goge sosai kafin in taɓa zare. Dunƙulen kuma a cikin robar fenti mai murfi yake zama, na huda murfin da ƙusa mai zafi na goge bakin hudar, zaren yana fitowa ta nan, ba ya gangarawa ƙasa ba ya shan ƙura. Da daddare in an ɗauke wuta kina jan zaren za ki ji yana ɗan tas-tas, har wani lokaci ki ga ɗan haske a bargo, bushewar iska ce, ba komai.

Gidan namu ma gaba ɗaya ya zama wajen aikin hannu a hutun nan. Yaran sun kwaso karan dawa daga gonar bayan layi, tunda an gama girbi ga shi nan ko'ina, suna ɓare bayan suna soka shi a tototuwar cikin suna haɗa mota, babban ya yi tirela har da taya da ya yanko daga tsohon silifas, ƙaramar kuma ta tattara guntayen zarena ta yi wa 'yar tsanarta gashi. Maƙwabciyata da suka yi Kirsimeti ranar 25 ita da 'ya'yanta sun yanka takardu masu kala sun yi sarƙa sun zagaye falo da ita, da ta aiko mana da shinkafa da kaza na mayar mata da kwanon da marfin saƙa ja da fari da na yi cikin dare ɗaya, yanzu ita ma ta ce sai na koya mata, mun fara sarƙa shekaranjiya kuma hannunta ya fi nawa saurin kamawa.

Rigar ce yanzu a hannuna. Daga wuya na fara ina ƙari a kusurwa huɗu har kafaɗa ta buɗe, na raba hammata, jikin ya sauka lafiya. Matsalar da na shiga zare ne ya ƙare saura hannu ɗaya da rabi, na koma kasuwa ranar 28 da guntu a jaka, mai shagon ya ba ni kalar, a cikin shago iri ɗaya ne sak, da na zo gida na saƙa layi huɗu na fita rana sai ga sabon ya fi tsohon duhu kaɗan, rinin ba na lokaci ɗaya ba ne. Ku sayi zarenku gaba ɗaya rana ɗaya ko da zai yi saura, in akwai lambar rini a takardar jikinsa ku duba ta zama ɗaya. Abin da na yi, na warware rabin hannun da na riga na yi, na sa siririn layin fari a daidai kafaɗa ta kowane ɓangare, sannan hannayen biyu duka da sabon zaren, sai ya zama kamar da gangan aka yi. Maɓalli kuwa yayata da ke aikin jinya ta ce kar in sa ƙanana ko duwatsun ado da za su iya cirewa yaro ya kai baki, kar kuma in sa doguwar igiya a wuya, har ta ce in faɗa wa mai jegon ta riƙa cire masa hular in zai yi barci a ɗaki kar zafi ya yi masa yawa. Don haka manyan maɓallai biyu zan sa a ƙirji in ɗinke su da kyau.

Saura bakin hannun hagu, da ɓoye jelar zare da basilla, na ƙirga guda 17 ne suke reto ta ciki, sai wanki da ruwan sanyi da sabulu marar ƙarfi in shanya a kwance kan tawul a ɗaki don kar ta miƙe. Wadda ta san yadda ake yin bakin hannu ya ɗan tsuke ba tare da ya matse wuyan hannun jariri ba ta taimaka min, na gwada gajere zagaye biyu ya yi tauri, ina tunanin komawa kwarashi mai lamba 3 da rabi in gani. Ranar Litinin Mama za ta tafi Jos zaman jiran haihuwa, a jakarta nake so kayan su tafi.