Fim ɗin da bai taɓa yin kwantai a shagona ba

Shekara ashirin da ɗoriya ke nan ina harkar fim a Kano, tun zamanin hayar kaset har zuwa yau da muke fassara mu tura wa mutane a waya. Fina-finai da yawa sun yi tashe sun wuce, amma tsofaffin fina-finan gidajen mafiya, wato gungun manyan masu aikata laifi, musamman The Godfather na 1972, har gobe ana nema.

A shagon kawuna na fara kallonsa, ina yaron shago, aikina goge kaset da mayar da zare baya. Wallahi barci na yi. Fim kusan awa uku, an buɗe da biki, wani tsoho na zaune a ɗaki mai duhu yana sauraren koke-koken mutane. Na ce, "Kawu, ina faɗan?" Ya ce in na yi iyali zan gane. Ai kuwa na gane. Labarin gida ne: uba mai faɗa a ji, babban ɗa mai zafin kai, da Michael, ƙaramin cikin maza, wanda ya dawo daga yaƙi yana gudun sana'ar gidansu, ƙarshe gadon ya faɗo kansa. Duk wanda ya taɓa zama wurin rabon gado ya san irin wannan shirun da ake yi kafin magana.

Shi ya sa fassararsa ba wasan yara ba ce. Fim ɗin Indiya na doke-doke, kwana biyu na gama. Wannan sai da na yi mako uku. Muryar Marlon Brando, wanda ya fito a matsayin uban, a dishe take, a hankali yake magana, ba ya ɗaga ta ko zai sa a kashe mutum. In ka yi masa ihu a makirufo ka kashe fim ɗin. Har ruwan ɗumi nake kurɓa in sauke maƙogwaro kafin in ɗauki muryarsa. Sannan wanda ya zo neman alfarma ba zai ce masa "kai" gatsal ba, sai "ranka ya daɗe", yaransa kuma su ce "maigida". Kashi na biyu, na 1974, ya fi ba ni wuya, don Robert De Niro, wanda ya fito a matsayin uban yana saurayi, yawancin maganarsa da harshen mutanen Sisili ta ƙasar Italiya ya yi ta, sai na bi rubutun ƙasan allo layi-layi.

Abin da ke ƙona min rai shi ne masu kwafe aikin mutane. Ka sha wahalarka, wani ya kwafe, ya goge sunan shagonka ya liƙa nasa. Wasu kuma su datse bikin gaba ɗaya, wai ya yi tsawo, su cusa barkwancin da ba ya ciki. To in ka cire bikin, ta yaya mai kallo zai san wane ne wane a gidan? Sai kwastoma ya zo yana min ciniki, wai a can rabin kuɗin nan ake turawa. Nakan ce je ka can, Alhaji. Yawanci sai ya dawo.

Makon jiya wani dattijo ya zo da ɗansa, ya ce a tura wa yaron duka kashi ukun, har na 1990. Yaron na karɓar wayar ya dube ni ya ce, "Baba, akwai faɗa dai ko?"