Kashi 40 na ƙarya

Aikina buga takardu ne, kuma yawancin masu kawo mini aiki ɗaliban Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ne masu rubutun kammala karatu. Kwamfutar tawa ƴar gwanjo ce, ta shekara huɗu a hannuna, ban san nawa ta yi a hannun mai ita na farko ba.

A watan Afrilu, lokacin da zafin Maraɗi ke haura digiri 40, ta ɓullo da wani hali. Kuran, wato wutar lantarki, na ɗaukewa sai in duba in ga caji kashi 40, in ce da sauran numfashi. Kafin in kai ƙarshen layi fuskar ta yi baƙi ƙirin, ko sallama babu. Ran nan ta tafi da shafi 12 na wata ɗaliba, tana zaune a gabana. Ba ta ce komai ba, ai gara ma da ta yi faɗa.

Da farko na ɗora wa ƙwayar cuta laifi, na biya aka sake zuba Windows. Kuɗin banza. Sai na koma kan zafi, na sa aka buɗe ta aka kakkaɓe ƙurar hunturu da ta toshe fanka. Ƙura kam an fitar da abin mamaki, ƙarar fankar ta ragu, amma mutuwar tana nan.

Wani yaro mai gyara a bakin babbar kasuwa ne ya yi mini tambayar da ya kamata in yi wa kaina tun farko: "Malam, ta taɓa mutuwa tana jone da caja?" Na yi shiru. Ba ta taɓa ba. Ya zare batirin, ya bar ta a kan caja kaɗai, ta yi awa biyu lafiya lau. Sannan ya mayar da shi, ya buɗe baƙin allon nan na ba da umarni ya rubuta powercfg /batteryreport. Rahoton ya nuna an ƙera batirin ya ɗauki kusan 48,000 mWh (ma'aunin yawan cajin da yake riƙewa), amma yanzu cikarsa ba ta kai 15,000 ba.

Bayanin da ya yi mini shi ne ya zauna mini a kai. A cikin kwanson batirin akwai ƙananan batura shida na litiyom, kowanne wajen bolt 3.7. Irin waɗannan sukan fara gajiya bayan an cika an sauke sau 300 zuwa 500, kuma zafi na gaggauta tsufansu. In sun tsufa, ko da rukuni ɗaya ne ya raunana, da kwamfuta ta nemi ƙarfi sai wutar ta zube lokaci guda, na'urar kariya ta yanke. Lissafin kashi 40 kuwa kintace ne kawai, kintacen da ya tsaya a zamanin da batirin ke da lafiya. Shi ya sa ko gargaɗin ƙarewar caji ba ya samun damar fitowa.

Na gwada dabarar cika shi fal, in bar shi ya ƙare ƙaf, in sake cikawa. Lissafin ya ɗan daidaita, wato yanzu yana faɗa mini gaskiya cewa minti 20 gare ni. Bai ƙara masa ko ƙwayar ƙarfi ba.

Wani ya ce a fasa kwanson a canza baturan ciki, ya fi araha. Na ƙi, don litiyom in aka huda shi ko ya kumbura yana iya kamawa da wuta, ni kuma shagona takardu ne har rufi. Sabo na sa aka kawo mini daga Kano, bayan mun karanta lambar jikin tsohon harafi bayan harafi a waya. Da ya iso, kafin in cika kuɗin, na ce da yaron ya sake buga umarnin nan a gabana.

Ita kuma kwamfutar na sauke ta daga kan katifar da nake ɗora ta da dare don kada ta riƙa ɗaukar zafi, na kuma sa shirin rubutu ya riƙa ajiye aiki da kansa duk minti biyu. Shafi 12 ɗin nan kyauta na sake buga su.