Ƙarfen da muka sa don ɓarawo shi ya kusa hana mu takardar 'yan kwana-kwana

Duk wanda zai nemi takardar shaidar kariya daga gobara a Kano, don makaranta ko masauki ko wani wurin da jama'a ke taruwa, kada ya fara da sayen tukwanen kashe wuta. Ya fara zagaya gininsa tukuna, ya ƙirga ƙofofin da mutum zai iya fita ta cikinsu da tsakar dare ba tare da laluben mukulli ba. A gidan da nake kula da shi ko ɗaya babu, kuma kuɗin da hakan ya ci mana har yau in na tuna sai raina ya sosu.

Gidan na gado ne, bene hawa ɗaya, 'yan uwa suka ɗora mini kula da shi. 'Yan haya na sama, ƙasa kuma wata malama ta nemi ta kama ɗakunan ta buɗe makarantar ƙananan yara, boko da safe, Islamiyya da yamma. Cikin takardun da aka nema a wajenta har da ta hukumar kashe gobara, kuma tunda gyaran gini na mai gida ne, sai abin ya dawo kaina. Rubuta takardar neman a zo dubawa da biyan kuɗi da sa rana duk ba su ba ni wahala ba. Na sayi tukwane masu hoda na rataya a bango, na shafa wa bokitai jan fenti na cika su da yashi, na zauna ina jira, a ganina na gama.

Jami'ai biyu suka zo. Babban cikinsu ko minti ɗaya bai yi a gaban tukwanen ba. Ya duba allurar ya ga tana kan kore, ya karanta ranar da aka cika su, ya ce a hau sama. A gindin matakala akwai ƙofar ƙarfe da ƙaton kwaɗo. Nan ya tsaya.

"Malam, wa ke riƙe da mukullin nan?"

Na ce kowane mai haya yana da nasa, ana kullewa bayan sallar isha'i.

"Magidancin in ya yi tafiya fa, da mukullin yake tafiya ko yana bari?"

Na yi shiru, don na san mutum biyu a gidan da suke tafiya da shi a aljihu.

Shekara guda kafin zuwan jami'an ɓarayi sun shiga gidan maƙwabcinmu ta lungun baya. Muka yi taron 'yan uwa aka yanke shawara a tsare gidan. Aka kira mai walda ya rufe kowace taga da rodi, ba ɗauri da kusa ba, binne shi aka yi cikin siminti. Barandar sama aka rufe ta daga ƙasa har rufi. Ƙofar baya kuwa da bulo aka toshe ta aka yi filasta, ba ka ma gane an taɓa yin ƙofa a wurin. Ranar da aka gama mai waldar yana ta alfahari, wai ko da guduma sai an kwana ana dukan ƙarfen nan kafin ya motsa. Muka biya shi muna murna, har da ɗan ihsani.

Jami'in ya kai ni ɗaki na ƙarshe a sama, inda wata baiwar Allah ke zaune da yara huɗu. Ya kama rodin tagar ya jijjiga, ko gezau. Sannan ya ce in faɗa masa abin da ke ƙarƙashin matakalar da muka hawo. Janareta biyu na 'yan haya, jarkokin fetur, mitocin wuta da abin sauya layi duk a nan suke, don nan ne wurin da ruwa ba ya taɓawa kuma ɓarawo ba ya kaiwa. Ya ce to a duk gidan babu inda wuta ta fi saurin tashi kamar nan, kuma nan ne kaɗai hanyar fita. Hayaƙi sama yake yi, matakala ce za ta fara cika da shi, kuma akasarin waɗanda gobara ke kashewa a cikin gida hayaƙin ne ke kayar da su tun wutar ba ta iso ba. Ya ce sun sha isa gida suna jin ihun mutane ta taga, amma lokacin da ya kamata su yi aikin ceto a yankan ƙarfe yake ƙarewa. Matar tana tsaye bakin ƙofa da goyo tana jin duk abin da ake faɗa. Ban iya kallon fuskarta ba.

Da malamar ta ji, sai ta tuna mini gobarar makarantar Yamai ta watan Afrilun 2021, wadda yara kusan 20 suka rasu, da ta Maraɗi a Nuwamban shekarar, inda aka rasa fiye da haka. Azuzuwan can na zana ne, namu na bulo, amma a ta Yamai rahotanni sun ce daga wajen ƙofar shiga wutar ta taso kuma babu wata mafitar. Ta ce ita ba za ta zuba 'ya'yan mutane a ɗaki mai ƙofa ɗaya ba ko da an ba ta takardar. Ban ga laifinta ba.

Abin da suka rubuta mana bai cika shafi ba. A buɗe ƙofar baya, kuma ƙyaurenta ya riƙa buɗewa waje, don in yara suka yi cincirindo a jikin ƙofar da ke buɗewa ciki, su da kansu za su danne ta. Kowane sashe na sama a samu taga aƙalla ɗaya da ƙarfenta ke buɗewa daga ciki. A fitar da ƙofa a jikin ƙarfen baranda. A kwashe janareta da fetur daga ƙarƙashin matakala. Mai gyaran wuta ya duba wayarin, don sun ga inda aka ɗaura zaren waya a madadin fis.

Na wutar lantarki da na janareta ba su ci wani abin kirki ba, rumfa muka yi a tsakar gida nesa da taga. Ƙarfen ne ya cinye mu. Abin da aka binne a siminti ba ya fita sai an fasa bango, in an fasa sai magini, bayan magini sai mai fenti, ga 'yan haya suna ƙorafin ƙura da ƙarar injin yanka. Mai waldar da ya sa ƙarfen shi ya dawo cirewa, ya kuma caje mu kamar bai taɓa ganinmu ba. Da na ce masa me ya sa tun farko bai ba mu shawarar a yi mai buɗewa ba, sai ya ce, "Alhaji, ai abin da kuka ce in yi na yi." Gaskiyarsa, sai dai haushin bai ragu ba. Da tun ranar farko aka yi shi mai buɗewa, ƙarin kuɗin bai wuce na maƙalai da sakata ba. Mu kuwa mun biya na sawa, mun biya na cirewa, mun biya na sake sawa, jimilla ya haura hayar shekara ta sashe guda. A taron 'yan uwa na gaba kowa ya manta cewa da shi aka yanke shawarar toshe ƙofar.

Ko da aka gama ma sai da aka sake. Mai waldar ya yi ƙofofin tagogin da kyau, sai ya maƙala wa kowacce kwaɗo. An gudu ba a tsira ba ke nan, an koma neman mukulli cikin duhu da hayaƙi. Abin da ya yi aiki shi ne sakata daga ciki, a rufe ta da ɗan akwatin ƙarfe ta yadda hannun da aka zuro daga waje ba zai kai gare ta ba. Haka aka yi wa ƙofar matakala ma: daga waje sai da mukulli, daga ciki a ja kawai. Ranar da jami'an suka dawo, babban bai taɓa sakatar da hannunsa ba. 'Yar matar nan ya kira, yarinya 'yar firamare, ya ce, "Zo 'yata, rufe idonki ki buɗe min tagar nan." Ta laluba, ta ja, sakatar ta cije saboda fenti ya shiga ciki. Sai da aka kankare aka ɗiga mai, ta sake gwadawa ta buɗe, sannan ya sa hannu.

Wani abin da ke ba ni takaici shi ne ƙa'idar ba sabuwa ba ce. Kundin ƙa'idojin gini na ƙasa na 2006 ya yi maganar hanyoyin fita, kuma zanen gidanmu da aka amince da shi tun zamanin mahaifinmu da ƙofar baya a jikinsa. Mu muka goge ta. Gidan zama ba wanda ke zuwa dubawa bayan an tare, sai in ka nemi wata takarda kamar yadda ta kama mu, don haka kowa sai ya yi ta ƙara ƙarfe da bulo son ransa. Kowa a Kano na tuna gobarar kasuwar Sabon Gari ta Maris ɗin 2016 da dubban shagunan da ta cinye, har mun saba ɗaukar gobara abin kasuwa ce. Alhali da hunturu a gidaje take yi mana ɓarna: garwashi a ɗaki, hitar ruwa da aka manta a bokiti aka ɗauke wuta aka dawo da ita ba kowa, maganin sauro kusa da labule.

A cikin wannan fafutuka na ji cewa tun dokar inshora ta 2003 aka sa gidan haya cikin gine-ginen jama'a da wajibi ne a yi musu inshorar gobara da rushewa. Shekara da shekaru muna karɓar haya ba wanda ya taɓa ambata mana. Yanzu mun yi. Na kuma ƙara sharuɗɗa a takardar haya: ba a ajiye fetur a ɗaki, ba a ajiye komai a kan matakala ko da keken yara ne, tukunyar gas kuma a duba shekarar da ke jikinta, don hukumar kula da ingancin kaya ta ce shekara 15 ne wa'adinta. Wani ya zo neman ɗan shagon da ke jikin katanga zai riƙa ɗura gas, da kuɗi mai kyau, na ce a'a tun bai zauna ba. Fashewar Sabon Tasha a Kaduna a Janairun 2020, wadda ta yi ajalin Farfesa Simon Mallam, shugaban hukumar makamashin nukiliya ta ƙasa a lokacin, a irin wannan shagon ta faru. Gas ya fi iska nauyi, in ya tsiyaya ƙasa yake kwanciya ya bi ƙarƙashin ƙofa, ga azuzuwan yara a bayan bangon.

Takardar sabunta ta ake yi, don haka kafin lokaci nake hawa sama in gwada kowace sakata. Zuwan da na yi na baya na tarar wata dattijuwa cikin 'yan haya ta sa wa tagarta kwaɗo, ta ce ita ba ta iya barci in ba ta ji ƙarar kullewa ba. Na ce, "Hajiya, don Allah ki yi haƙuri, ko dai a cire ko a ɗaure mukullin da sarƙa a jikin tagar." Ta zaɓi sarƙa, na sayo da kuɗina.

Abin da ya rage ba a cikin gidan yake ba. Jami'an sun bar motarsu a bakin titi suka tako, kuma ƙaramar mota ce, ba ta ruwa ba. Get ɗin layinmu ana kulle shi da dare, mukulli a hannun maigadi ɗaya, wanda wani lokacin yana can wajen mai shayi. Ko an kira lambar gaggawa ta 112 an zo da wuri, a bakin get za a tsaya. Na kai maganar wajen mai unguwa, aka yarda aka yanka mukullai aka raba wa gidajen da ke kusa da get ɗin. Amma akwai kes ɗin sayar da kaya da aka kafa a kwanar layin, wanda ya cinye kusan rabin hanya, babbar mota ba za ta iya karya kwana a wurin ba. Mai shi ɗan wani dattijon unguwa ne, kuma duk zaman da aka yi sai a ce a bari sai bayan salla. An ce za a sake zama Juma'a mai zuwa bayan la'asar, na riga na roƙi malamar ta zo da wasu daga cikin iyayen yara.