Kafin a sake tayar da masana'anta bayan haɗari

A masana'antar sinadarai, injin da ke tafiya yadda ya saba ba kasafai yake cin mutum ba. Inda ake jin jiki shi ne lokacin tayarwa da lokacin kashewa. A sa'o'in nan ne za ka tarar tanki bai cika ba, zafi bai kai ba, ƙararrawa goma na kuka lokaci guda, ma'aikaci kuma yana yin abin da kwamfuta ta saba yi masa da hannunsa. Shi ya sa idan maƙwabtan masana'anta suka ta da jijiyar wuya don an ce za a sake kunna ta bayan haɗari, ba na ɗaukarsu matsorata. Sau da yawa sun fi na cikin ofis sanin inda gizo ke saƙa.

Misalin da na fi komawa kansa shi ne na garin Institute da ke bakin kogin Kanawha, a jihar West Virginia ta Amurka. Masana'antar a da ta kamfanin Union Carbide ce, 'yar'uwar wadda iskar guba ta tsere daga cikinta ta hallaka dubban mutane a garin Bhopal na Indiya a Disambar 1984, kuma sinadarin da suke sarrafawa a lokacin ɗaya ne, wato MIC, mai tsananin guba, wanda ake haɗa maganin ƙwari da shi. Bayan Bhopal an tsayar da sashen MIC na Institute, aka kashe dala miliyan 5 a kan kayan tsaro, aka sake tayar da shi a watan Mayun 1985. Ranar 11 ga Agustan shekarar, wani sinadari daban ya tsere daga wani sashe daban, mutum kusan 135 suka je asibiti. An tsare ƙofa, ɓarawo ya haura ta katanga.

Amma haɗarin 2008 ya fi cika da darasi. A lokacin masana'antar tana hannun Bayer CropScience. An daɗe da tsayar da sashen da ke yin maganin ƙwari na metomil, domin a sa sabon tsarin sarrafawa na kwamfuta, a kuma canza wani tanki mai cin lita kusan 17,000. Aikin tankin shi ne ya dafa ragowar metomil da ke cikin ruwan narkarwa har ta ruɓe, sannan a tura ruwan a ƙona. Matsalar metomil ita ce idan tana ruɓewa zafi take fitarwa, zafin kuma yana ƙara mata sauri. Saboda haka ƙa'idar tayar da tankin a rubuce take: a fara zuba tsabtataccen ruwan narkarwa, a zagaya da shi ta na'urar ɗumamawa har ya kai zafin aiki, sannan a riƙa sakin ragowar kaɗan-kaɗan, ta yadda duk wadda ta shiga za ta ruɓe nan take. Mai tuƙa tuwo ma ba ta zuba gari sai ruwa ya tafasa. Takardar aiki ta yi gargaɗin kada metomil ta wuce kashi 1 cikin 100 a cikin tankin.

Ba haka aka yi ba. Ba a zuba tsabtataccen ruwan ba, ba a ɗumama ba. Akwai makullin tsaro a kwamfuta da ke hana bawul ɗin shigarwa buɗewa matuƙar zafi bai kai ba, sai aka tsallake shi da kalmar sirri. Wannan tsallakewar ba ranar aka fara ta ba, ta zama jiki tun zamanin tsohon tanki. A can baya kuma, matakin da ya kamata ya tsame metomil daga ruwan bai yi aiki daidai ba, don haka ragowar da ke zuwa ta fi ta kullum kauri nesa ba kusa ba. Sakamakon ɗakin gwaji ya nuna alamar hakan, amma hankalin kowa na kan wasu matsalolin. Haka tanki mai sanyi ya yi ta tara guba, sannan aka fara zagayawa da ɗumamawa.

Daren 28 ga Agusta, matsin da ke cikin tankin ya fara hawa. Mai kula da allo ya zaci bututun fitar da iska ne ya toshe, abin da ya saba faruwa, sai ya tura mutum biyu su duba. Wajen ƙarfe 10:35 tankin ya tarwatse a gabansu. Ɗaya ya rasu a daren, ɗayan bayan kwana 41 a asibitin masu ƙuna.

Hukumar binciken haɗurran sinadarai ta Amurka, CSB, ta gano cewa bitar tsaro da ake yi kafin tayarwa ba a kammala ta yadda ya kamata ba. Takardun aiki ba su dace da sabon tsarin kwamfutar ba, ma'aikata ba su sami isasshen horo a kansa ba, ga shi sun yi makonni suna aikin dogayen sa'o'i. Darasin da na ɗauka a nan shi ne, sabon kaya ba ya nufin an tsira. Sabon tanki ne ya fashe, sabuwar kwamfuta ce aka tsallake. Idan kamfani ya tara jama'a yana lissafa kuɗin da ya kashe a kan sababbin na'urori, ni abin da zan so in gani daban ne: jerin abubuwan da bitar ta ce a gyara, wanne aka rufe, wanne ya rage, wa ya sa hannu. Sai littafin makullan tsaro: guda nawa ne a tsallake yau, da izinin wa, zuwa ƙarfe nawa. Makullin da aka tsallake ba tare da ranar mayarwa ba, an cire shi ke nan. Sannan a tambaya ko an gwada layin gaba ɗaya da ruwa ko da ruwan narkarwa zalla kafin a sa masa guba, da kuma sa'o'i nawa wanda zai zauna gaban allo ya yi a makon.

Abin da ya ɓata tsakanin masana'antar da gari kuwa a waya ya faru. Masu karɓar kiran gaggawa sun yi ta bugawa, mai gadin ƙofa yana ce musu akwai matsala a ciki, ba ya ƙara komai. Me ke ci da wuta, wane sashe ne, hayaƙin na da guba ko babu, shiru. Da hukumomi suka rasa bayani, sai suka umarci mutum fiye da 40,000, har da ɗaliban jami'ar da ke maƙwabtaka, su kulle kansu a ɗaki fiye da sa'a uku, aka rufe manyan hanyoyi. Daga baya aka gano na'urorin gano MIC a iska na wannan sashe ba sa aiki a daren. Wato ko da kamfanin ya ce babu abin da ya fita, ba shi da cikakkiyar hujja. Bayan wannan ne jihar ta sa dokar a sanar da hukuma cikin minti 15.

Kulle kai a ɗaki, in za a faɗi gaskiya, dabara ce ta ɗan lokaci. A rufe tagogi da ƙofofi, a kashe duk abin da ke jawo iskar waje, a toshe ƙasan ƙofa da jiƙaƙƙen tsumma, a shige ɗakin da ya fi nisa da waje. Wanda abin ya riska a fili kada ya gudu inda iska ta dosa, ya yanke ta ta gefe. Duk wannan ba ya aiki sai mutum ya ji jiniya da wuri, ya kuma san ma'anarta. Jiniyar da ba a taɓa gwada ta da jama'a ba, in ta yi kuka fitowa mutane za su yi kallo.

Sai babbar maganar. Ƙasa da mita 25 daga inda tankin ya fashe akwai wani tanki a sarari ɗauke da MIC wajen tan 6, an lulluɓe shi da ragar ƙarfe. Ɓaraguzai sun bugi ragar. Tankin da ya tarwatse wani gefen ya nufa, kuma ba dabarar kowa ce ta sa hakan ba. A lokacin masana'antar kan ajiye MIC har fiye da tan 90, alhali wanda ya tsere a Bhopal kusan tan 40 ne. Daga nan tambayar mutanen gari ta tashi daga "kun gyara?" ta koma "don me kuke ajiye wannan da yawa haka?" A ganina wannan ita ce tambayar da ta fi kowace, domin bawul na iya maƙalewa, mutum na iya gajiya, amma yawan abin da ke cikin tanki shi ke yanke iyakar ɓarnar. A Afrilun 2009, a gaban kwamitin majalisar dokokin Amurka, shugaban kamfanin ya amsa cewa sun fake da dokar sirrin tsaro suna ɓoye bayanai, wani ɓangare domin kauce wa matsin lamba a kan MIC ɗin.

A Agustan 2009 Bayer ya ce zai rage ajiyar MIC da kashi 80 cikin 100, ya daina ajiye shi a saman ƙasa, aikin da zai ci dala miliyan 25, kuma ba zai sake gina sashen metomil ba. Da aikin ya zo ƙarshe a farkon 2011 aka shirya tayar da sashen MIC da aka tsayar saboda aikin, sai mazauna yankin su 16 suka garzaya kotun tarayya. Ranar 10 ga Fabrairu alƙali Joseph Goodwin ya ba da umarnin dakatarwa na wucin gadi, aka kuma naɗa masani daga waje ya duba sashen. Hukumar OSHA mai kula da tsaron ma'aikata ita ma tana nata binciken. Ranar 18 ga Maris kamfanin ya shaida wa kotu cewa ya fasa tayar da sashen, yana mai cewa jinkirin ya sa maganin ƙwarinsa ba zai riski damanar shekarar ba.