Laraba a gareji: DOT 5 ba wan DOT 4 ba ne

Laraba da daddare. Tun asuba ake yayyafi, sai wajen hantsi rana ta ɗan leƙo. Aikin da ya cinye yinin yau birkin gaba ne na wani babur mai faifai. In an matsa hannun birkin, sai ya kusa taɓa kan babur kafin ya kama. Mai shi ya zo da kwalba a leda, ya ce, "Malam, ga man birki na sayo ta intanet, na zaɓi mai babbar lamba." Kwalbar DOT 5 ce. A kan murfin kofin man birkinsa kuwa an rubuta DOT 4 ɓaro-ɓaro. Na ce, "Alhaji, Allah ya taimake ka da ba ka zuba ba."

Haruffan DOT sunan ma'aikatar sufurin Amurka ne a taƙaice, ita ta kafa ma'aunin. Abin da lambar ke nunawa shi ne zafin da man zai jure kafin ya tafasa. Sabon DOT 3 bai kamata ya tafasa ƙasa da digiri 205 a ma'aunin salshiyas ba, DOT 4 kuwa 230, sai DOT 5 da DOT 5.1 da ke kan 260. Duk wanda ya ga wannan jeri zai ɗauka tsani ne, ana hawa daga 3 zuwa 5. A nan tarkon yake. DOT 3 da 4 da 5.1 'yan gida ɗaya ne, da sinadarin gilaikol ake yin su, suna cuɗanya da juna, launinsu kamar na man gyaɗa mai haske. DOT 5 bare ne, da silikon ake yin sa, shi ya sa ake rina shi shunayya don kada a ruɗe. In ya haɗu da ragowar DOT 4 a cikin tiyo ba sa garwayuwa, kowa ya ware, wani lokaci har datti mai yauƙi ya taru ya toshe ƙananan ramukan masta, wato abin da ke tura man in an matsa hannun birki. Ga shi da riƙe kumfar iska, don haka ba a sa shi a babur mai ABS, wato na'urar da ke hana taya cijewa in an kama birki da ƙarfi, inda famfo ke bugun man da sauri. Tsofaffin Harley-Davidson ne aka sani da shi, su ma daga baya sun koma DOT 4.

Inda murfi ya ce 3, ana iya zuba 4. Inda ya ce 4, kada a sauko zuwa 3. Yawancin masu babur Boxer ba ruwansu da wannan zance, birkinsu na waya da sanda ne. Masu adaidaita sahu kam ya shafe su.

Da muka buɗe kofin, man ciki ya yi baƙi kamar shayin da ya kwana. Ya tsufa, ruwa ma ya shige shi. Man gilaikol yana zuƙar danshi daga iska, ta jikin tiyon roba da gefen murfi, damina kuma sai abin ya ƙaru. In ruwa ya kai kashi 3.7 cikin ɗari, DOT 4 da ke jure 230 sai ya dawo wajen 155, DOT 3 ya faɗo 140. A cikin gari da wuya a lura. Amma a doguwar gangara irin ta Hawan Kibo, da kaya a baya da yatsu kan birki, zafin fad, wato takalmin birkin da ke gogar faifai, yakan ratsa fistin da ke tura shi ya isa ga man. Ruwan ya zama tururi, tururi kuma yana matsuwa, sai a ja hannun birki ya tafi fayau babu kamu. In ya huce birkin ya dawo kamar ba a yi komai ba, mai babur ya manta. Dalilin da ake sauya man duk shekara biyu ke nan, ko da babur a ajiye yake. Shi ya sa ma ba na yarda da man da ake aunawa a robar ruwa. Kwalbar da ba a fasa hatiminta ba kaɗai, ƙarama kuma, wadda za a kusa ƙararwa.

Mafi muni shi ne baƙin mai ko man giya. Robobin cikin masta da kalifa, wato gidan fad da fistin da ke jikin faifai, ba sa shiri da duk man da aka tace daga ɗanyen mai, kumbura suke yi. Ko cokali ɗaya ya shiga, wanki ba ya isa, sai an sauya robobin duka har da tiyo.

Ga yadda aikin ya tafi. Muka kafa babur a tsaye, muka juya kansa har kofin ya daidaita, muka rufe tanki da jiƙaƙƙen tsumma domin man yana cin fenti. Sukurorin murfin nan biyu suna da saurin lalacewa, sai an danna sukundireba da ƙarfi kafin a murɗa. Muka zuƙe tsohon man da sirinji, muka bar kaɗan ya rufe ramukan ƙasa don kada iska ta shiga, sannan muka cika da sabon DOT 4. A kalifa aka sa sifana mai lamba 8 a kan notin fitar da iska, aka cusa siririn tiyo mai gani-har-hanji, ɗaya bakin a cikin kwalba. Yaron gareji ya matsa hannun birki sau uku ya riƙe, na kwance notin kwata, man ya fita, na ɗaure, sannan ya saki. In ya saki kafin a ɗaure, iska ce za ta koma. Duk bugu huɗu ko biyar a leƙa kofi a ƙara, don in ya ƙafe an koma farko. Wajen mililita 100 ya ci kafin man ya fito garau babu kumfa. Notin ba ya son ɗauri da ƙarfi, rami ne a cikinsa, karyewa yake yi.

Kafin cikon ƙarshe na duba fad. Man kofi yana raguwa ne yayin da fad ke cinyewa, fistin na ƙara fitowa. Wanda ya cika kofi maƙil a kan tsohon fad, ranar da aka sa sabo man zai yi ambaliya, ko birki ya riƙa riƙe taya in ya ɗau zafi. Nasa da sauran nama, sai muka tsaya ƙasa da layin sama kaɗan, muka mayar da robar ƙarƙashin murfi yadda take, muka wanke inda ya ɗiga da ruwa.

Hannun birkin ya yi tauri, amma da sauran ɗan laushi, alamar akwai kumfa da ta maƙale a mahaɗar tiyo da masta. Na bubbuga tiyon da ƙotar sukundireba, na ɗaure hannun birkin da robar tayar keke ya kwana a matse. Da safe za a kwance a gwada shi a layin bayan gareji kafin Alhaji ya zo ɗauka. Ragowar DOT 4 na rubuta kwanan wata a jikin kwalbar na ɗaure bakinta tam.