Na Yi Ta Canza Jikin Mota, Inji Yana Nan: Shawara Ga Ƙannena Kan Burauza

Ƙannena, a shekarar da ciwon suga ya kama mahaifinmu, ni ne mai bincike a gida. Kullum dare ina kan waya ina neman bayanin magani, irin abincin da ya kamata ya ci, da alamomin da ake tsoro. Ban faɗa wa kowa a wurin aiki ba, domin Baba ba ya son a riƙa yawo da maganar lafiyarsa. Wata safiya na buɗe kwamfutar ofis, abokin aikina yana tsaye a kaina muna duba wani shafin labarai, sai ga tallan na'urar gwajin suga a gefe, a ƙasa kuma tallan magani na masu ciwon. Ya dube ni ya ce, "Lafiya dai ko?" Na ce lafiya lau. Amma a raina ji na yi kamar an yaye labulen ɗakin Baba a bainar jama'a. Asusu ɗaya nake shiga da shi a waya da kwamfutar ofis, abin da na nema da dare ya biyo ni da safe.

Daga ranar na ƙudurta zan kare sirrina a intanet. Niyyar ba ta da laifi. Hanyar da na bi ce ta cinye mini shekaru, kuma ba na so ku maimaita.

Da farko na koma buɗe tagar nan mai duhu da ake kira Incognito, na ɗauka na ɓace. Kusan shekara guda ina cikin wannan ruɗu. Abin da tagar take yi shi ne, idan ka rufe ta, ba ta barin tarihin shafukan da ka shiga a cikin wayarka. Wanda ya ari wayarka ba zai gani ba, shi ke nan. Kamfanin layinka yana ganin inda ka je, mai kula da intanet na ofis ko makaranta yana gani, shafin da ka shiga kuwa ya san ka zo. Ba ni kaɗai na fahimci abin a karkace ba: a 2020 wasu suka kai Google ƙara a jihar Kalifoniya ta Amurka kan wannan batu, a 2024 kuma kamfanin ya amince zai goge biliyoyin bayanan da ya tara tare da gyara rubutun gargaɗin da ke fitowa a tagar.

Da na gane haka sai na ce to, barin Chrome, wato burauzar Google da nake buɗe shafukan intanet da ita, shi ne mafita. Na sauke wata burauza, bayan 'yan watanni na ga ana yabon wata na koma, daga baya na sake komawa ta uku. Ina ta faɗa wa mutane cewa ni na fita daga hannun Google. Sai wani yaro mai gina shafukan intanet, wanda na girme shi da kusan shekara goma, ya karɓi wayata ya duba, ya ce, "Yaya, ai duk ukun nan inji ɗaya ne a cikinsu." Ban ma san burauza tana da inji ba.

Ku tsaya a nan, domin nan ne zancen yake. Burauza kamar mota ce. Akwai jiki: launi, tambari, wurin rubuta adireshi, maɓallan da kake dannawa. Akwai kuma inji, wato ɓangaren da ke karɓar rubutun da aka gina shafi da shi ya mayar da shi hoto da bidiyo da fom ɗin da kake cikewa. Ƙera jiki ba shi da wuya, shi ya sa burauzoji suka cika kasuwa. Ƙera inji kuwa aiki ne na ɗaruruwan ƙwararru da kuɗi masu yawa, shi ya sa manyan injina uku kaɗai suka rage a duniya. Blink na Google, wanda ke cikin Chromium, tushen da aka gina Chrome a kai. WebKit na Apple, wanda ke cikin Safari. Gecko na Mozilla, wanda ke cikin Firefox. Shi kansa Blink daga WebKit aka ɓalle shi a 2013. A da Opera tana da nata injin mai suna Presto, ta ajiye shi a 2013 ta ɗauki Chromium. Microsoft ma, duk girmansa, ya sanar a ƙarshen 2018 cewa ya haƙura da nasa, a Janairun 2020 ya fito da sabuwar Edge a kan Chromium. Brave, Vivaldi, Samsung Internet, duk gida ɗaya suka fito.

Zan yi adalci a nan, don kada ku ɗauki maganata fiye da inda ta tsaya. Kasancewar burauza tana amfani da Chromium ba ya nufin tana aika bayananka ga Google. Chromium a buɗe yake, kowa na iya ɗauka ya cire abin da ba ya so, kuma Brave alal misali da gaske tana toshe talla da masu bin sawu, wato masu lura da shafukan da kake shiga. Tambayoyi biyu ne na cakuɗa: wa ke ganin abin da nake yi yau, da kuma wa ke yanke yadda intanet za ta kasance gobe. Canjin da na yi ya ɗan taɓa ta farko. Ta biyu ko kusa bai je ba.

Me ya sa ta biyun ta dame ni? Domin an taɓa ganin irinta. Mu da muka fara shiga intanet a kafe mun san Internet Explorer. A farkon shekarun 2000 sama da kashi 90 cikin ɗari na masu shiga intanet da ita suke amfani. Microsoft ya fitar da ta shida a 2001, da ya ga babu abokin gasa sai ya bar ta haka har 2006 kafin ta bakwai ta fito. Masu gina shafuka suka daina bin ƙa'idar da kowa ya yarda da ita, suka koma gina abin da zai yi aiki a kanta kawai. A Koriya ta Kudu abin ya kai ga harkar banki da sayayya ta intanet ta dogara da wata fasahar Microsoft mai suna ActiveX, mutane suka maƙale da burauza ɗaya fiye da shekara goma. Fitowar Firefox a 2004 ce ta fara buɗe ƙofar, Chrome ta biyo a 2008. Yau Chrome ita kaɗai tana riƙe da kusan kashi biyu cikin uku na kasuwa, kafin a haɗa da 'yan'uwanta na Chromium, Firefox kuwa ba ta kai kashi 3 cikin ɗari ba. Kuma mai injin da ya mamaye ko'ina kamfani ne da mafi yawan kuɗinsa daga talla yake fitowa.

Ga misalin da ya taɓa ni kai tsaye. Akwai ƙaramar manhaja da ake liƙa wa burauza mai suna uBlock Origin, wadda Raymond Hill ya rubuta, tana toshe talla da masu bin sawu. Google ya sauya dokokin irin waɗannan manhajoji da tsarin da ya kira Manifest V3, yana cewa don tsaro ne, kuma daga 2024 Chrome ta fara kashe cikakkiyar uBlock Origin. Ko da dalilin tsaron gaskiya ne, shawarar kamfani ɗaya ce, kuma duk wanda ya gina a kan Chromium sai ya san yadda zai yi da ita. A Firefox manhajar tana aiki har yanzu, har a wayar Android. Mu da muke sayen data da guminmu, kowane bidiyon talla da ya buɗe kansa daga aljihunmu yake ci.

Ba zan ɓoye muku raunin Firefox ba. Mafi yawan kuɗin Mozilla daga Google yake zuwa, a matsayin ladan sanya bincikensa ya zama na farko a burauzar. A shari'ar da gwamnatin Amurka ta yi da Google an bayyana cewa a 2021 kaɗai ya biya sama da dala biliyan 26 ga kamfanoni daban-daban don irin wannan matsayi, kuma a Agustan 2024 alƙali Amit Mehta ya yanke cewa kamfanin ya riƙe kasuwar bincike ba bisa doka ba. Abin yana damuna. Duk da haka injin Firefox shi ne na uku, kuma idan ya mutu babu na huɗu da ya shirya maye gurbinsa. Masu iPhone kuma ku sani, in ban da sassaucin da doka ta tilasta a wasu wurare, kamar Tarayyar Turai tun 2024, duk burauzar da kuka sauke WebKit ne a cikinta, ko da sunanta Chrome ko Firefox.

Ranar da na fahimci wannan na yi kuskuren da ya fi kowanne tsada. Cikin zafin rai na goge tsohuwar burauzata da duk abin da ke cikinta a dare ɗaya, har da bayanan da ke ajiye a asusun. Kalmomin sirri na shekaru suna ciki, ni kuwa ban haddace ko rabinsu ba. Akwai tsohon imel da na yi rajistar makaranta da shi, lambar wayar da ke haɗe da shi ta daɗe da ɓacewa, har yau ban sake shigarsa ba. Takardun da ke ciki sun tafi. Don Allah, kafin ku goge komai, ku fara kwaso kalmomin sirri da shafukan da kuka adana zuwa sabuwar burauzar, akwai wurin yin haka a saituna. Ku zauna da biyun na wata guda. Ku tabbata lambar wayar da ke kan kowane asusu tana hannunku.

Bayan haka na faɗa wani ramin: tara kayan kariya. Na liƙa wa burauzata manhajoji kusan goma, na ƙara da VPN na kyauta da na gani a talla, wato manhajar da ke ɓoye wa kamfanin layinka shafukan da kake shiga. Ban yi tunanin cewa kowace manhaja da na ba izinin karanta shafukana ta zama sabon ido a kaina ba, kuma VPN na nufin duk zirga-zirgata ta bi ta hannun mutumin da ban san ko waye ba. Mai ba da irin wannan hidima kyauta, da me yake biyan kuɗin na'urorinsa? Haka ma burauzojin rage cin data, da yawansu shafin yana fara bi ta kwamfutocin kamfaninsu a matse shi kafin ya iso wayarka. Suna da amfani wajen karanta labarai idan data ta yi ƙasa, amma ni ba na shiga banki da su. Yanzu manhaja ɗaya tak na bari. Firefox da kanta, tun 2022, tana killace kukis, wato ƙananan bayanan da shafi ke ajiyewa a burauzarka don ya gane ka, na kowane shafi a nasa wurin don kada wani shafi ya bi ka zuwa wani.

Sai abu mafi sauƙi, wanda na fi daɗewa ban gani ba. Na canza burauza, amma da na buɗe ta sai in shiga Gmail da Facebook in bar su a buɗe, in ci gaba da bincike. Wanda ya faɗi sunansa a bakin ƙofa, rufe fuska a cikin zaure ba zai amfane shi ba. Abin da nake yi yanzu shi ne raba aiki: burauza ɗaya ta Chromium don imel da shafukan hukuma da na banki waɗanda ke ƙin buɗewa a wani wuri, Firefox kuma don karatu da bincike, ba tare da na shiga kowane asusu ba. Maganar lafiya, bashi, ko matsalar iyali, a can nake nemanta.

Na kuma ɓata wa mutane rai. Akwai lokacin da nake karɓar wayar 'yan'uwa in canza musu burauza ba tare da na yi bayani ba. Wata ƙanwata ta zo cike fom ɗin neman gurbin karatu ana saura kwana ɗaya a rufe, shafin ya ƙi karɓar hotonta a burauzar da na sa mata, ta kwana tana kuka tana zaton ta rasa damar. Laifina ne, domin ban bar mata ta biyu ba, ban kuma gaya mata abin da za ta yi idan haka ta faru ba. Da safe muka buɗe a wata burauzar ya wuce.

Wannan fom ɗin ne ya sa nake da roƙo na musamman ga masu koyon gina shafuka a cikinku, kuma na san kuna da yawa yanzu. Shafin bai ƙi aiki don Firefox ta lalace ba, wanda ya gina shi ne bai taɓa gwada shi a wani wuri ba sai Chrome. Haka inji ɗaya yake cinye sauran, shafi bayan shafi, ba tare da kowa ya yi niyya ba. Kwanakin baya ɗan yayata ya nuna mini shafin da ya gina wa wani shagon ɗinki, yana murna. Na ce ya buɗe shi a Firefox a gabana. Maɓallin aika oda bai motsa ba. Ya zauna bayan sallar isha'i ya bi rubutun layi-layi, ya gano layi biyu ne ya rubuta ta hanyar da Chrome kaɗai ke ganewa, kafin ƙarfe goma ya gyara. Yanzu burauza uku ce a kwamfutarsa, kuma ba ya miƙa aiki sai ya ari iPhone ɗin maƙwabcinsu ya gwada a Safari.